Gasar Ces Ta Ƙasar Biritaniya Da Gwanayen Da Suka Ci Ta

Ces wasa ne na mutum biyu a kan allo mai gida 64, kowa da 'ya'ya 16, wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita shi ya ci. Larabawa suna kiransa shaɗaranji, a Borno kuwa an daɗe da sanin wani irinsa da sunan tsatsarandi. A Biritaniya akan yi gasa shekara-shekara, galibi cikin hutun watan Agusta, don a fid da gwanin ƙasa. Wanda ya bi sunayen waɗanda suka ci zai ga abin lura: kusan shekara 70 malaman makaranta da ma'aikata ne suka fi riƙe kambin.

An fara gasar a garin Hastings cikin 1904, shekarar da aka kafa ƙungiyar ces ta ƙasar. William Napier da Henry Atkins suka yi kunnen doki, aka sake haɗa su, Napier ya yi nasara. Daga nan fa Atkins ya kama, ya ci shekara bakwai a jere, daga 1905 zuwa 1911, ya ƙara a 1924 da 1925, watau sau tara ke nan. Shi Atkins malamin lissafi ne, ya zama shugaban kwalejin Huddersfield a 1909. Aikin makaranta ya sa a gaba, saboda haka bai cika fita wasa ƙasashen waje ba.

A wancan zamani ƙofa a buɗe take ga mutanen dukan ƙasashen da ke haɗe da Ingila. Ta wannan ƙofa Sultan Khan ya shigo, wani Musulmi mutumin Panjab, wanda ya zo Landan cikin 1929 tare da Sir Umar Hayat Khan. Ya tashi da wasan irin na Indiya, wanda dokokinsa suka ɗan bambanta da na Turai, sai da ya girma ya koyi na Turawa. Duk da haka ya ci gasar a shekarar zuwansa, ya kuma ci a 1932 da 1933. A Hastings, ƙarshen 1930, ya kayar da Capablanca na Kuba, wanda ya taɓa zama gwanin duniya. Cikin 1933 ɗin nan wata mace mai suna Fatima, ita ma daga gidan Sir Umar, ta ci gasar mata. Sanyin Ingila bai karɓi Sultan Khan ba. Ya koma gida a ƙarshen 1933, ya zauna a gonarsa har ya rasu a 1966. Sai a 2024 ƙungiyar ces ta duniya ta ba shi muƙamin babban gwani don girmamawa.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da gasar, amma bai bar gwanayen zaune ba. Hugh Alexander, wanda ya ci a 1938 da 1956, da Harry Golombek, wanda ya ci a 1947 da 1949 da 1955, suna cikin waɗanda gwamnati ta tara a Bletchley Park don warware saƙonnin asiri na sojan Jamus. Alexander ma tsohon malamin lissafi ne.

Wanda ya wuce Atkins shi ne Jonathan Penrose, malamin ilmin halin ɗan Adam. Ya ci sau goma, daga 1958 zuwa 1963, sa'an nan daga 1966 zuwa 1969. A 1960 ya doke Mikhail Tal na Tarayyar Sobiyet, alhali Tal yana gwanin duniya.

Bayan 1972 al'amari ya sake. Nasarar Bobby Fischer na Amurka ta jawo samari da yawa, wani attajiri kuma, Jim Slater, ya sa fam 5,000 ga ɗan ƙasa na farko da zai zama babban gwani. Tony Miles ya karɓe su a 1976, ya ci gasar ƙasa a 1982. Nigel Short, wanda ya doke Penrose a gasar 1977 yana ɗan shekara 12, ya ci a 1984 da 1987 da 1998. Michael Adams ya fara ci a 1989 yana da shekara 17, ya yi ta ci har bayan shekara 30. Ga waɗannan, ces shi ne sana'a.

Ƙofar da Sultan Khan ya bi kuwa an rufe ta. 'Yan Indiya biyu, Ramesh da Kunte, sun ci a 2002 da 2003, 'yan gida suka yi ƙorafi, aka daina karɓar 'yan sauran ƙasashen tun daga 2004.

Babu shakka gwanayen baya-bayan nan sun fi na dā sanin wasan, gama ba su da wani aiki sai shi. Amma sau goman Penrose da sau taran Atkins shaida ne cewa mai tashi aiki da la'asar, in ya tsare lokacinsa, yana iya kai wa matuƙa a wani fanni ba tare da ya tauye aikin da ake biyansa ba.