Allurar da ke tare ƙwayar zazzaɓi kafin ta isa hanta

Duk mai cin kasuwar Madawa, Buza ko Keita ya san cewa da zarar damina ta kankama, rumfuna da dama sukan kwana biyu a rufe, saboda uwa na asibiti tana jinyar yaro, uwar kuɗi da riba duk sun tafi ga magani. Tun shekarar 2013 ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya suka soma raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a Madawa da Buza. Amma mu da ke yawon cin kasuwanni mun san wuyar cika kowane zagaye.

To, masana na gwada wata dabara. A jininmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin dakaru da jiki ke ƙerawa, kowanne da irin cutar da yake kamawa, kamar makulli da kwaɗonsa. Masana a Amurka sun zaƙulo irin wannan dakare daga jinin wani da aka yi wa rigakafin gwaji, suka binciki daidai inda yake cafke rigar ƙwayar cutar da sauro ke zubawa. Idan ya manne a wurin, ƙwayar ba ta iya shiga hanta, inda take hayayyafa kafin ta bazu cikin jini. Daga nan suka ƙera shi da yawa, suka kuma gyara shi don ya daɗe a jiki.

An gwada shi a ƙasar Mali. Sakamakon 2022 ya nuna wanda ake kira CIS43LS, da aka ɗura wa manya ta jijiya sau ɗaya, ya rage kamuwa da kashi 88 cikin 100 na tsawon wata shida. A 2024 kuma, L9LS da ake yi a ƙarƙashin fata ya rage zazzaɓin da kashi 77 cikin 100 ga yara 'yan shekara 6 zuwa 10.

Sai dai a yi hattara: maganin gwaji ne, ba hajar kasuwa ba. Duk wanda ya tallata mana shi a tire ko a kan babur, macuci ne. Mu riƙe gidan sauro da maganin wata-wata, kuma jikin yaro na yin zafi mu kai shi a auna jininsa. Allah Ya kare mana zuri'a.