An Kama Shi, To Daga Nan Fa?

Duk mai babbar waya a Kano ya san irin bidiyon. Matasa uku ko huɗu zaune a ƙasa, an jera wuƙaƙe da ɗanbida da wayoyin da aka ce sun ƙwata a gabansu. Ana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya: ya sunanka, shekarunka nawa, me ya kawo ka nan? Yaro ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Kafin la'asar bidiyon ya zaga Facebook, ya faɗa TikTok, ya iso zauren WhatsApp na danginmu, inda gwaggona, wadda ba ta taɓa taka ƙofar caji ofis ba, take yanke hukunci da saƙon murya: a gama da su kowa ya huta.

Ban raina wannan aiki na 'yan sanda ba. A da, sanarwar 'yan sanda da Turanci take fitowa, a jaridar da talaka ba ya saye. Yanzu kakakin rundunar Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, da Hausa yake magana kai tsaye a shafinsa, har yaran unguwa sun san fuskarsa da muryarsa. Amma ku leƙa ƙarƙashin kowane bidiyon kame ku karanta abin da jama'a ke rubutawa. Bayan "Allah ya ƙara tona asirinsu", maganar da ta fi yawa ita ce: "Gobe ma za a sake su." A ganina wannan jimla ta fi bidiyon kansa faɗa mana halin da muke ciki.

Abin da kyamara ke so shi ne ranar kame. Abin da ke biyo baya ba ya kallo. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, ko kwana biyu in babu. Sashe na 36 kuma ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar. Yawancin laifuka ana ba da beli a kansu, kuma beli ba wankewa ba ne, alkawarin dawowa kotu ne. Amma wa ya taɓa zaunar da maƙwabta ya yi musu wannan bayani? Su dai sun ga yaron a bidiyo ranar Talata, sun gan shi a majalisar mai shayi ranar Asabar.

Sai a zo kotun. Wanda aka yi wa ƙwacen ya zo zama na farko, an ɗage. Ya bar shagonsa ya zo na biyu, ɗan sanda mai bincike bai zo ba. A na uku ya ce ya bar wa Allah, musamman in dangin yaron sun biyo shi gida da ban haƙuri, ko abokansa sun biyo shi da kallon da ya gane ma'anarsa. Ba shaida, ba shari'a. Alƙali ya kori ƙara. Ba na cewa hannu ba ya shiga aljihu. Rubutun nan na "beli kyauta ne" da ke bangon ofisoshin 'yan sanda ya daɗe da zama abin dariya. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da ba a ɗauka a waya: kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke. A Kurmawa da Goron Dutse akwai waɗanda ba a sake su ba, ba a kuma yanke musu hukunci ba, fayil ɗinsu na can yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Su babu mai bidiyonsu.

Kada wani ya ce ina nufin tsoron mutane na banza ne. Wanda aka taɓa ɗora wa wuƙa a wuya cikin adaidaita sahu ba Facebook ne ya tsorata shi ba. A watan Mayun 2023 sai da gwamnatin Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disamban 2024 ya ƙiyasta cewa an sace wayoyi sama da miliyan 25 a ƙasar cikin shekara guda. An yi ta ja-in-ja kan alƙaluman rahoton, amma akwai abu ɗaya a ciki da kowa zai iya gaskatawa daga unguwarsu: cikin gidajen da aka shiga fashi, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara wajen 'yan sanda. Ke nan littafin caji ofis yana rage lissafi. Wayarka kuma ƙara shi take yi, domin an gina waɗannan shafuka ne su tura maka abin da zai tsayar da yatsanka. Sara ɗaya a Ɗorayi, in shafuka ɗari suka ɗauka, sai ka kwana kana jin an yi sara ɗari. Bidiyon bara ya dawo bana da sabon sunan unguwa. Tsakanin littafin da wayar, tambayar ko abin ƙaruwa yake ko raguwa ta zama ta musu a majalisa, kowa da bidiyon da yake kafa hujja da shi.

Mun taso ana ce mana gani ya kori ji. Filato ta nuna cewa ganin ma sai an bincika. A watan Yunin 2018 an yi kisa na gaske a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Amma binciken BBC na wannan shekara ya gano cewa wasu daga cikin hotunan da suka fi tunzura mutane ba daga can suka fito ba. Bidiyon wani mutum da aka sare wa kai daga Kwango Brazabil yake, tun 2012. Da hotunan suka bazu, matasa suka tare hanya, aka fito da matafiya daga mota aka kashe. A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Waɗanda ke tsaye a wurin suna ɗauka da waya. Mun yi kuka, kuma ya dace mu yi. Amma hujjar masu wannan ta'asa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, ita ce dai wadda ake bayarwa a nan idan aka banka wa adaidaita wuta saboda an yi ihun ɓarawon waya: in aka miƙa shi ga hukuma, sakinsa za a yi.

Wayar nan dai ita ce ta tsaya wa talaka a Oktoban 2020, lokacin da wani bidiyo daga Ughelli ya tayar da zanga-zangar EndSARS, har aka rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga watan. A lokacin gwamnonin Arewa cewa suka yi SARS tana musu amfani. Matashin Legas ɗan sanda yake tsoro a hanya, manomin Zamfara kuma neman ɗan sandan yake bai gani ba, kuma kowannensu abin da ya dame shi ne ke cika masa waya.

Shari'a ɗaya nake tunawa da jama'a suka bi har ƙarshe, ta Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya sace a Disamban 2021 ya kashe. 'Yan jarida ba su bar kotun ba, mutane ba su daina tambaya ba, kuma a watan Yulin 2022 babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Wata shida kacal bayan kama shi. Da wuya ka ji wani ya ce an saki wannan, domin kowa ya ga inda aka tsaya.

Jihar Legas ta haramta holin waɗanda ake zargi tun 2021, a 2025 kuma hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa ta ce a daina. Lauyoyi suna da gaskiya: fuskar da aka nuna wa duniya ba ta gogewa, ko kotu ta wanke mai ita, kuma ba ranar da za a kira kyamara a ce ga shi, ba shi ba ne. Ni abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk shafin da ya sanar da kame, ya dawo bayan wata uku ya faɗa mana kotun da aka kai maganar, ko Nomansland ce ko wata, ranar zama na gaba, wa aka ɗaure, wa aka sallama, da dalili. In kuma mai ƙara ne ya ƙi zuwa ba da shaida, a rubuta hakan ma.