Ƙarin Shekarun Ritaya: Ma'aikacin Kamfani, Kada Ka Yi Saurin Murna

Ƙasashe na ta ɗaga shekarun barin aiki ɗaya bayan ɗaya. A 2023 Faransa ta zartar da dokar mayar da su 64 daga 62, duk da zanga-zangar da ta cika tituna. Jamus ta doshi 67, Sin kuma ta fara ɗaga nata a Janairun 2025. Mu ma a Najeriya abin ya iso: dokar 2022 ta bai wa malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, a 2023 aka mayar da na alƙalan manyan kotuna 70, ƙungiyar ƙwadago ta NLC kuma tana neman 65 ga duk ma'aikatan gwamnati.

Da yawa na murna, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ke da 'ya'ya a makaranta ba ya son albashi ya yanke. Amma ina jan kunnen ma'aikacin kamfani, musamman wanda ya yi shekara 25 ko 30 a wuri guda. Ran da aka zo maka da albishir ɗin ƙarin shekara biyar, ka sani ranar biyanka ce aka ɗage.

Garatuti a kamfanonin da har yanzu suke biyansa alkawari ne a takarda, kuɗin kuwa sau da yawa yana hannun kamfanin. Duk shekarar da aka ƙara maka, shekara ce da kamfanin zai iya durƙushewa da haƙƙinka a ciki. Mutanen Kakuri a Kaduna sun san wannan. Masaƙar KTL da ke can ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Ma'aikatan tsohon kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways sai da suka yi jiran fiye da shekara goma. Waɗannan mutane sun ba da ƙuruciyarsu gaba ɗaya, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Za a ce ai yanzu akwai tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kafa a 2004 aka gyara a 2014: mai kamfani ya zuba kashi 10 na albashi, ma'aikaci kashi 8, cikin asusu mai sunansa. Gaskiya ne, wanda ya daɗe yana aiki ajiyarsa za ta fi kauri, amma fa sai idan ana zubawa. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, sai ga shi akwai masu cirewa daga albashi su riƙe, shi ya sa hukumar fansho ta PenCom take tura wakilai su ƙwato. Ma'aikacin da ya saki jiki cewa da sauran lokaci ba ya duba asusunsa, sai ya tashi tafiya ya tarar da watanni ba komai. Ga hauhawar farashi da ta haura kashi 30 a 2024, tana cinye darajar abin da aka tara.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, tsohon ma'aikaci ya fi tsada. Kamfanin da ya ga zai ci gaba da biyansa babban albashi har shekara biyar yana iya fakewa da rage ma'aikata ya sallame shi yana ɗan 48, ya ɗauko 'yan kwantiragi biyu. A wannan shekarun wa zai ɗauke shi aiki? Asusunsa ma ba zai buɗe masa gaba ɗaya ba sai ya kai 50. Kashi 25 kawai zai iya cira, bayan wata huɗu yana zaune.

Kuma aiki suna ya tara. Farfesa na iya koyarwa yana ɗan 70, amma direban tanka da mai tsayuwar dare gaban inji, gwiwa da ido ba za su kai su can ba.

Don haka kada shugabannin ƙwadago su sa hannu kan ƙarin shekaru sai ya zama zaɓi, wanda ya gaji ya tafi da cikakken haƙƙinsa. A lissafa garatutin da kowa ya tara, a fitar da shi daga hannun kamfani zuwa amintaccen asusu. Kai kuma ma'aikaci, nemi bayanin asusunka a wannan watan, ka gwada shi da takardar albashinka, in ka ga giɓi ka kai ƙara PenCom tun kamfanin yana tsaye.