Yadda Japan ke kula da tsofaffi a gidajensu

Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65, kuma da yawansu su kaɗai suke zaune. A shekarar 2000 gwamnati ta kafa inshorar kula da tsofaffi. Duk wanda ya kai shekara 40 dole ya riƙa zubi. Rabin kuɗin daga nan yake fitowa, rabi daga haraji.

Idan ƙarfi ya fara ƙarewa, ƙaramar hukuma kan turo jami'i ya duba tsoho, a sa shi a ɗaya daga matakai bakwai. Sai a tsara masa taimako: mai zuwa gida ta yi masa wanka da girki, ko motar kai shi cibiyar yini. Yawanci kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kawai yake biya.

Gyaran gida ne ya fi burge ni. Inshorar na ɗaukar mafi yawan kuɗin aikin da bai wuce yen 200,000 ba, kamar kafa ƙarfen dafawa a banɗaki da baje dokin ƙofa, domin faɗuwa ɗaya kan kwantar da tsoho. Babbar matsala yanzu ita ce ƙarancin ma'aikata: albashi kaɗan, aiki da nauyi, har ana ɗauko su daga Indonesiya, Filifin da Biyetnam.