Ladabin Ɗaukar Hoton Mutane A Halin Tafiya

 Ya 'yan'uwa Musulmi, yau za mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tun da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta shiga aljihun kowa, watau matafiyi ya ga mutanen da bai sani ba, ya ɗauki hotonsu ba sallama ba izini, ya kama hanyarsa.

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko hanyar Daura ta Ɗambatta, ya san yadda ƙasar arewacin Kano take. Gona tana manne da gona, babu dajin kirki a tsakani, gidaje kuwa da yawa a warwatse suke cikin gonakin, a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da tsamiya. Abin da ya raba tsakar gida da idon mai wucewa sau da yawa dangar kara ce, wadda wanda ke cikin babbar mota yake hango bayanta. Da kaka kuma mata suna masussuka, sun ɗaure zane don aiki, ba su yi shirin ganin baƙo ba. Saboda haka wanda ya tsaya a gefen titi ya ɗaga waya yana cewa gona yake ɗauka, lalle ya sani iyalin wani ya ɗauka.

Malamai sun yi saɓani a kan hoto shi kansa. Shaihu Muhammadu Bakhit Almuɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya halatta shi, yana ganin tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi yake nunawa. Shaihu Ibnu Baz na Saudiyya kuwa ya hana, sai da lalura irin ta fasfo. Amma ko wanda ya halatta bai halatta a ɗauki al'aurar mutane ko a keta sirrinsu ba. A nan babu saɓani.

Allah Maɗaukaki Ya hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, a aya ta 27 cikin Suratun Nur, sa'an nan Ya yi umurni da runtse ido a aya ta 30 da ta 31. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Manzon Allah ta wata kafa, sai Manzo ya tsawata masa, ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. To, idan leƙe ɗaya wanda yake ƙarewa da ƙiftawar ido ya jawo wannan tsawa, ina ga na'urar da take ajiye abin da ta gani, ta miƙa shi ga dubban idanu a Facebook da TikTok? Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce. Hoto ya fi ta wuyar mayarwa.

Ga misali daga wata ƙasa. A 1984 wani Ba'amurke mai suna Steve McCurry ya ɗauki hoton wata yarinya Musulma 'yar Afganistan a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar ta Pakistan. Mujallar National Geographic ta buga shi a bangonta a watan Yuni na 1985, fuskar yarinyar ta zaga duniya, alhali ba a san ko sunanta ba. Sai a 2002 aka nemo ta, aka ji sunanta Sharbat Gula, a lokacin ne ta fara ganin hoton. Shekara 17 duniya tana kallon fuskarta ba da saninta ba. Wannan yana iya faruwa ga 'yar talla a bakin kasuwar Bichi, cikin yini guda.

Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya haɗa sallama da neman izini da addu'ar tafiya a babi guda. A kan wannan ne muke gina ladubban da za mu ambata. Na farko, matafiyi ya sauka ya yi sallama, domin baƙo babu sallama mugu ne, ya faɗi ko shi wane ne da inda hoton zai je. Na biyu, idan an ƙi ya haƙura ba tare da ɓacin rai ba, kuma ya lura mutumin ƙauye yana jin kunyar baƙo, shirunsa ba yarda ba ne. Na uku, kada ya ɗauki mace sai da yardarta da ta mai gidanta, kada ya ɗauki yaro sai da yardar uba, almajiri kuma da ta malaminsa. Izinin dagaci ko mai unguwa yana buɗe gari, amma ba ya buɗe gidan kowa. Na huɗu, kada ya ɗauki mutum a halin da ba ya son a gan shi, kamar majinyaci, ko wanda ya yi haɗarin mota, ko gawa, ko mai taɓin hankali, domin Suratul Hujurat ta hana izgili da bin diddigin asirin mutane.

Na biyar ya shafi masu rabon abinci da azumi, waɗanda sai sun jera gajiyayyu sun ɗauke su da ƙullin gero a hannu. Aya ta 264 cikin Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Idan masu ba da dukiyar suna bukatar shaida, a ɗauki buhunan, a rubuta adadi, a bar wa talaka mutuncinsa.

Wanda ya riga ya yaɗa hoton wani ba da izini ba, ya goge shi, ya nemi gafarar mai shi in da hali, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Kafin ka ɗaga waya, ɗan'uwa, ka ƙaddara mahaifiyarka ce a masussukar nan.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da Lahira, Ya sa mu zama masu rufa na bayinsa.