Dara ko dambe? Rigimar masoya wasan Final Fantasy

Duk wanda ya taɓa zama gindin bedi a Dantchiao bayan la'asar ya san yadda ake dara. A tona gurbi talatin a rairayi, wannan ya riƙe 'yan itace goma sha biyu, wancan ya riƙe tsakuwa goma sha biyu, ka sa in sa, ka matsa in matsa. Wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokinsa guda. Mutum yana iya dafe haɓa ya yi shiru har shayi ya huce, ba mai ce masa ya yi sauri, sai dai 'yan kallo su yi ta ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Dambe kuwa, in an shiga fage bayan kaka, ba ka da damar cewa abokin karawa ya dakata ka yi tunani. Ido da hannu ne, ƙiftawa ɗaya ka sha ƙasa.

To, a ce wata rana dattawan nan su iso gindin bedi su tarar an share gurabun, an naɗe wa kowa hannu da zare, a ce musu daga yau haka za a riƙa yi, amma sunan wasan yana nan dara. Wasu za su ce madalla, da ma zaman ya ishe su. Wasu kuwa za su kaɗe riga su ce a nemi wani suna, wannan dai ba ita ba ce. Irin wannan cacar baki ce ta shekara da shekaru tana ci tsakanin masoyan wani wasan na'ura na ƙasar Japan mai suna Final Fantasy.

Samarinmu na Magariya da Dungas da Damagaram sun san PlayStation, amma galibi ta wajen ƙwallo: ka biya 'yan daloli, ka buga minti goma, ka miƙa wa na bayanka. Akwai wani jinsin wasan daban, wanda ya fi kusa da tatsuniya, sai dai a nan kai ne a cikin labarin. Za a ba ka yaro da ɗan guntun takobi, ka fita da shi daga ƙauye, ka bi gari gari, ka yi abokai, ka sayi makami a kasuwa, kowane faɗa ya ƙara masa ƙarfi kaɗan. Kamar turkar rago ne: dusa yau, harawa gobe, ba ka ganin ƙibar a rana ɗaya, sai bayan awa arba'in ko hamsin ka duba ka ga yaron nan yana tunkarar dodon da ya gagari duniya. Wanda ya yi irin wannan kiwon ba ya kallon dabbarsa da idon ɗan kasuwa.

Kamfanin Square ne ya fitar da na farko a ƙarshen 1987, a hannun wani saurayi mai suna Hironobu Sakaguchi. Mutum huɗu ake ba ka, ayari guda, kai ne madugu. Akwai mai takobi a gaba, akwai mai magani da ke ɗinke raunin 'yan uwa, akwai mai sihirin wuta da ƙanƙara, akwai ɓarawo mai saurin ƙafa. In dodo ya tare hanya sai komai ya tsaya cak. Ka ce wa wannan sara, ka ce wa wancan ba wane magani, ka ce wa na uku ya saki wuta, sannan ka zura ido ka ga abin da shawararka ta haifa. Dodo ya rama, a sake dawowa kanka. Bi-da-bi ke nan. Sun gaji tsarin daga wani wasan tebur na Amurka, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974 ana yin sa da takarda da 'yan ƙwayoyin jefawa, kuma ya dace da na'urar wancan zamani, wadda ƙwaƙwalwarta ba ta kai ta ƙaramar wayar da ke aljihunka ba.

Abin da ya bambanta wannan gidan da saura shi ne kowace lamba sabuwar duniya ce, da sababbin mutane. Gona ɗaya ce, bana gero, baɗi gyaɗa, wata shekarar riɗi. 'Yan abubuwa ne ke zama kamar gawon da ke tsakiyar gonar: wani tsuntsu mai kama da jimina da ake kira chocobo, wanda shi ne jakinsu kuma dokinsu, da wani mutum mai suna Cid da ba a rasa shi kusa da jirgin sama, da duwatsun lu'ulu'u masu riƙe da duniya, da kiɗan Nobuo Uematsu. Ko faɗan ma bai zauna wuri guda ba. A na huɗu, 1991, aka sa wa kowane jarumi ma'auni mai cika a hankali, kamar jarka a bakin famfo. Taka ta cika, ka ɗauka ka yi abin da za ka yi. Ka tsaya surutu, na bayanka ya ture ka, wato dodo ya kai maka duka.

Sai maganar ɗanɗanon labari, kuma a nan ne zuciya take. Na bakwai, wanda ya fito a 1997, shi ya kai sunan gidan ko'ina a duniya. Labarin wani kamfani ne, Shinra, mai zuƙe ruwan ran ƙasa yana sayar da shi a matsayin lantarki, tamkar attajirin da ya kafa inji a rijiyar gari yana ja dare da rana har rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe. A tsakiyar tafiya aka kashe Aerith, yarinya mai tallan furanni, wadda ita ce mai maganin ayari, kuma ba dabarar da za ta dawo da ita. Manyan mutane masu gemu a yau suna ba da labarin yadda suka yi hawaye a gaban talabijin. Amma a cikin wasan nan ɗaya akwai filin sukuwar chocobo, akwai shirme da barkwanci da wauta iri iri. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. In tsoho ya cika da shekaru, 'ya'ya na share hawaye a zaure, jikoki na tsakar gida suna tsokanar mamacin, suna cewa ya gudu bai biya su bashinsu ba. Wasan jikokin ba ya rage nauyin rashin, shi ke sa a iya ɗaukarsa. Masoya Final Fantasy sun saba da gidan da kuka da dariya ke kwana ɗaki ɗaya.

Bayan na goma, 2001, aka ci gaba da sassauta bi-da-bi kaɗan kaɗan, har na sha biyar ya zo a 2016 da faɗan gudu da tsalle. Na sha shida, wanda ya fito a watan Yunin 2023, shi ya tsallake rafin gaba ɗaya. Mutum guda kake riƙewa, Clive, abokan tafiyarsa na'ura ke juya su, in ka cire karensa da kake iya ba umarni. An ɗauko Ryota Suzuki, gwanin tsara wasannin sara da suka daga kamfanin Capcom, aka damƙa masa faɗan. Yatsu ne ke aiki, goce, kai sara, goce, sake kaiwa. Labarin kuma ya yi duhu: bayi masu tambari a kunci, sarakuna masu cin amanar juna, jini, da wata annoba mai cinye ƙasar noma kamar yadda rairayi ke binne gonaki a arewacinmu. Masu shi ba su ɓoye cewa sun kalli shirin Game of Thrones ba, kuma a karon farko aka ce wasa mai lamba na gidan na manya ne zalla.

Jagoran aikin, Naoki Yoshida, ya faɗi dalilinsa a fili, kuma ya cancanci a saurare shi. Ya ce shi ma da bi-da-bi ya tashi, amma yara masu tasowa da yawa ba su ga abin sha'awa a zaɓar umarni daga jeri ba, ga shi kuɗin haɗa irin wannan wasa ya kai inda dole a nemi masu saye da yawa. Lissafin mai tuwo ne a tasha. Shekara talatin tana tuƙa tuwon gero da miyar kuka, tsofaffin direbobi sun san kwanonta. Ta duba ta ga 'yan kabu-kabu duk sun koma wajen mai taliya da ƙwai, ga itace ya yi tsada, ga haya. In ta ɗora tukunyar taliya, wa zai ce ta yi laifi? Wasan kuwa ya yi kyau a irin nasa, an sayi kwafi wajen miliyan uku a makon farko, ko da yake daga baya kamfanin da kansa ya ce ribar ba ta kai yadda ya sa rai ba.

Su ma masu ƙorafin akwai inda za a kama su. Tambayi goma daga cikinsu wanne ne Final Fantasy na ainihi, kowa zai kira wanda ya tarar yana ɗan shekara goma sha uku. Tuwon uwa ne, ba a gasa da shi. Wani abin da suke nema ba kamfani ne ya ɗauke ba, ƙuruciya ce ta wuce, kuma ba injiniyan da zai dawo da ita.

Duk da haka ina tare da su a kan babbar maganar. Kuskure ne a ɗauki bi-da-bi a matsayin gurguntakar tsohuwar na'ura da ya kamata a warke daga gare ta. Daɗin da ke cikinsa daban ne: ka ga mai maganinka saura ƙiris ya faɗi, dodo ma saura ƙiris, kana da motsi guda, ka ceci naka ko ka yi kasada? Wannan 'yar tsayawar ita ce wasan. Kuma da ita ake shaƙuwa da ayari, domin wanda ka yi awa talatin kana yanke masa shawara ya zama naka. Mutuwar Aerith ta yi ciwo ne saboda gurbinta a jere ya zama wayam, hannunka ya kai inda take bai same ta ba. Abokin da na'ura ke juyawa ɗan rakiya ne kawai. An sa wasu zobba a na sha shida da ke taimaka wa mai sanyin hannu ya goce wa sara, wannan kulawa ce mai kyau, amma sauƙaƙa wa yatsa aiki bai mayar wa kai da nasa aikin ba.

Kasuwa ma ta ba da shaida. Dragon Quest, wanda ya girme Final Fantasy da shekara guda kuma tun 2003 suke kamfani ɗaya, Square Enix, yana nan da bi-da-binsa da dodanninsa masu murmushi da Akira Toriyama ya zana, kuma Japanawa ba su daina rububinsa ba. Wasan Yakuza, wanda aka sani da naushi a titi, ya juya ya koma bi-da-bi a 2020, masoyansa suka yi gunaguni, daga baya suka rungume shi. A shekarar da na sha shida ya fito, Baldur's Gate 3 na wani kamfanin Beljiyam, mai faɗan ka-yi-in-yi, shi ya lashe kambun wasan shekara. Sai 2025, wasu 'yan ƙalilan a garin Montpellier na Faransa, waɗanda suka tashi da tsofaffin Final Fantasy, suka fitar da Clair Obscur: Expedition 33. Bi-da-bi ne, amma in dodo ya kawo sara kana iya karewa da saurin yatsa. Labarinsa na mutuwa da rashi ne, ga kuma raha a ciki. Miliyoyi suka saya cikin 'yan makonni, har da yaran da aka ce ba su da haƙurin zama.

Gidan da kansa ya san hanyar, domin da ya sabunta na bakwai a 2020 ya haɗa biyun: kana sara da hannunka, ka latsa wuri guda lokaci ya yi sanyi, ka ba kowa a ayari umarninsa. Kokawarmu ta takobi, tun da aka fara ta a Tawa a 1975, an shigo mata da agogo da alƙalai da lasifika da talabijin, amma har gobe kaye shi ne kaye, shi ya sa tsoho da jikansa ke kallonta tabarma ɗaya. In na sha bakwai zai zo, ya zo da duk sabon abin da masu shi suka ga dama, amma a mayar wa mai wasa da ayarinsa, a bar masa lokacin tunani, a kuma bar jikoki su yi wasansu a gidan makoki.

Kai kuma da ba ka taɓa gwada irin wannan wasa ba, ba sai ka jira babbar na'ura ba. An sabunta shida na farko don wayar hannu. Ka fara da na shida, na 1994, mai jarumai goma sha huɗu, ka ba shi dare uku kafin ka yanke masa hukunci.