Raunin dodon kunne bayan nutso a teku: wane likita ya kamata a nufa?

Masu zuwa hutu ko kasuwanci a Masar kan biya ta garuruwan bakin Bahar Maliya irin su Sharm el-Sheikh da Hurghada, inda ake goya wa baƙo tukunyar iska a baya, a nutse da shi ƙarƙashin ruwa ya kalli kifaye. Daga cikin matsalolin da masu wannan nutso suka fi cin karo da su akwai raunin kunne, kuma wurin da mutum ya fara nufa bayan raunin yana da tasiri a kan makomar jinsa.

Dalilin raunin shi ne nauyin ruwa. Idan mutum ya yi zurfin mita 10 a teku, matsin da ke danna jikinsa ya ninka wanda yake ji a doron ƙasa. A bayan dodon kunne akwai wani ɗan kogo mai iska, wanda wata siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. Ta wannan hanya iska ke shiga ta daidaita matsin. Idan mura ko kumburi ya toshe ta, ko mai nutso ya sauka da gaggawa, sai dodon kunnen ya lotsa ciki, wani lokaci har ya tsage. Zurfin 'yan mitoci kaɗan ya isa ya jawo haka.

Alamar da ta fi yaudarar mutane ita ce ciwo mai tsanani ya zo, sannan ya lafa farat ɗaya. Lafawar kan nuna cewa tantanin ya riga ya ɓule, matsin ya samu mafita. Bayan haka ji kan ragu, kunne ya riƙa ƙara, jini ko ruwa ya fito. Idan ruwan sanyi ya kutsa ciki, jiri kan ɗebi mutum.

Wanda ya dace a gani shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zai leƙa kunnen da na'ura mai haske, ya auna ƙarfin ji, ya tantance ko raunin ya tsaya a dodon kunne ko ya kai can ciki. Yawancin ɓulewa kan rufe da kanta cikin makonni zuwa wata biyu, in aka kiyaye kunnen daga ruwa. Wadda ta ƙi rufewa ana yi mata faci ta hanyar tiyata.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne kunnen ciki. Jirin da ya ƙi tafiya bayan fitowa daga ruwa, amai, tangaɗi ko ɗaukewar ji sosai, duk na buƙatar asibiti nan take. Cututtuka biyu ne ke iya kawo su: tsagewa a kunnen ciki saboda matsi, ko kumfar iskar naitorojin da ke taruwa a jiki idan aka taso sama da sauri. Ta biyun ana maganinta da iskar oksijin a ɗakin matsin iska na musamman, irin wanda ake da shi a Sharm el-Sheikh, alhali wannan ɗaki na iya ƙara wa ta farkon illa. Shi ya sa dole majiyyaci ya gaya wa likita zurfin da ya kai, tsawon lokacin da ya ɗauka, da daidai sa'ar da alamun suka fara. Ƙungiyar Divers Alert Network, wadda aka kafa a Amurka a 1980, tana da layin gaggawa na dare da rana da ke haɗa masu nutso da likitocin da suka san wannan fanni. Ita ce kuma ke ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, ko awa 18 idan an yi ta maimaitawa. Wanda ke da alamun ciwo kuwa sai likita ya duba shi tukuna.

Ga wanda ya riga ya dawo Najeriya, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sassan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, ciki har da na Aminu Kano. Takardar turawa daga likitan da aka fara gani kan sauƙaƙa samun ganin ƙwararre.

Kafin nan, kada a ɗiga man zaitun, ruwan albasa ko maganin ɗigo na kemis, domin wasu magungunan na lalata jijiyar ji idan suka ratsa ta ɓular. Kada a sosa da tsinke, kada a fyace hanci da ƙarfi. Lokacin wanka a toshe bakin kunnen da auduga mai ɗan baselin, a kuma dakatar da iyo da nutso har sai likita ya sake leƙawa ya tabbatar tantanin ya rufe.